Sa Hannu na Biyu

Wendell, ga wasiƙar da ba zan aika ba,
don ban san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Ranar da ka bar garin Toledo
ka aje jar akori-kurar bayan kantin da aka rufe,
can bakin kogin Maumee,
ka ɗora makulli kan tayar gaba, ka hau bas.
Ka ɗauka bashi kare ne
da za a ɗaure a gindin bishiya a juya masa baya.

Dusar ƙanƙara ta binne ta sau uku.
Yara suka zana sunayensu da yatsa a gilashinta.
Wani ya kwance madubin hagu, bai ko yi sauri ba.
'Yan sanda suka manna mata takarda,
janwe ya zo ya ɗaga ta ta wuya
kamar akuyar da ta yi ɓarna a gonar wani.
Kowane dare da ta kwana a tsare
sai an rubuta mata kuɗin ɗaki,
ita da ba ta barci.

Banki ya fanshe ta, ya kai ta gwanjo.
Dala dubu goma sha tara ake bin ka,
dubu bakwai aka taya, aka buga guduma.
Ragowar ba ta narke da ƙanƙarar ba.
Aka ɗora mata ladan janwe, kuɗin ruwa, kuɗin lauya,
ta yi ƙiba, ta miƙe tsaye,
ta fita neman mai ita.

Ba ta same ka ba.

Ka tuna ofishin dillalin, da shayinsa mai sanyi?
Layi biyu ne a ƙasan takardar.
Ka ce, "Loretta, al'ada ce kawai,
sa hannunki ba zai ko ga rana ba."
Na kama bironsa mai sarƙa na rubuta sunan babanmu
ƙarƙashin naka.

Sammaci ya iske ni a wurin wankin asibiti,
hannuna cikin zannuwan marasa lafiya.
Na je kotu da takalman zuwa coci.
Alƙaliyar ba muguwa ba ce,
ta cire tabarau ta tambaye ni, "Wannan hannunki ne?"
Na ce nawa ne, amma ko sau ɗaya ban tuƙa ta ba.
Ta ce takarda ba ta tambayar wa ya tuƙa.
Minti shida. Na duba agogon bango.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.
Ƙarya ne, ɗan'uwa.
Tsuntsun ya tashi,
mai riƙe masa reshe ce ke jiƙewa.

Yanzu duk Juma'a ta biyu
rubu'in albashina na fita kafin ya san tafin hannuna.
Na nemi hayar ɗaki kusa da makarantar Corinne,
mai gidan ya danna sunana a na'ura,
ya yi murmushin da ake yi wa gawa.
Haƙorinta na jiran likita tun bazara.

Jiya a tashar bas wata jar mota ta gifta,
madubinta na hagu baƙi, sabo, ba kalar jikinta ba.
Wani dattijo ke tuƙi, tsani a baya, yana ta fito.
Na ɗaga hannu ban san dalili ba.
Shi ma ya ɗaga.

Saura wata talatin da ɗaya.
In ka kira, zan ɗauka,
amma kada ka fara da tambayar lafiyata.